Shukar Bushiya da Saiwar da Biri Ya Kasa Nunawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A wani daji, Hawainiya ce mai raɗa wa tsirrai suna. Sai ta ga ganye, ta ga fure, ta sansana saiwa, sannan ta ba da suna biyu: na farko na dangin tsiron, na biyu na wanda ya kawo shi.

To, Bushiya tana da wata 'yar shuka mai yaɗo a bayan raminta. Rani uku tana ɗebo mata ruwa a ɓawon gyaɗa. Shuka ta kama kanya, ta tsallaka kan marke, ta haye tsamiya, can ƙoli ta yi fure.

Sai Biri ya gani, ya tsinko ganye da fure, ya ruga wajen Hawainiya. Kafin Bushiya ta iso da gajerun ƙafafunta, har an taru.

Biri yana cewa, "Ni na gano ta, Gwaggo. A sa sunana."

Bushiya ta kumbura, ƙayoyinta suka miƙe. Ta ce, "Ka gano ta? Da ma ɓata ta yi? Ran da akuya ta zo cinye ta, hancin wa aka taka, naka ko nawa?"

Biri ya ce, "Ke da ba ki taɓa ganin furenta ba."

Wannan magana ta yi mata ciwo, don gaskiya ce.

Hawainiya ta juya ganyen a hankali, ta dubi siririn zaren da shukar ke kama reshe da shi, ta ce, "Dangin duma ce. Saura saiwa. Biri, kai mu."

Sai ya kai su gindin tsamiya, ya tona. Hawainiya ta sansana, ta ce, "Tsamiya ce." Ya kai su gindin marke. Ta ce, "Marke ne." Ya tona kanya har farcensa ya karye. Ta ce, "Ɗan nan, ka san saiwarta kuwa?"

Biri ya fusata, ya kama yaɗon zai fizgo shi gaba ɗaya. Sai Bushiya ta dunƙule, ta mirgina ƙarƙashin ƙafarsa. Ya saki, ya koma gefe yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Bushiya ta ce, "Ku biyo ni." Ta kai su bayan raminta, ta ɗan yaye ƙasa da hanci. Ga saiwa, ƙasar ma da sauran danshin ruwan safe.

Hawainiya ta sansana, ta ce, "Duman Bushiya."

Bushiya ba ta huce ba. Ta ce wa Biri, "Miƙo furen nan." Ya miƙa. Ta daɗe tana kallon sa, ɗan ƙarami ne, rawaya.

Don haka, yara, kafin ku ce abu naku ne, ku tambayi wanda ya shayar da shi.

Ƙurunƙus, kan biri mai ƙaya a ƙafa.