Motar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Akwai wata mata da kowa yake kira Auta, don ita ce 'yar ƙarshe a gidansu. Ta yi aure, ta haifi uku, ta zama babba a ofishinsu har ana miƙe mata idan ta shigo, amma sunan nan bai sake ta ba. Ku gyara zama, jama'a, labarinta da mahaifinta zan ba ku yau.

Mahaifin nata tsohon direba ne. Ya fi shekara talatin a kan hanya. Da ya ajiye aiki, abin da ya rage masa shi ne gidansa da garejinsa da wata tsohuwar mota ruwan toka mai faɗin gaba, wadda yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa gwiwoyinsa.

A garejin nan Auta ta tashi. Har gobe idan ta ji warin baƙin mai, sai ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai, zaune a kan tsohuwar taya, Baba yana ƙarƙashin mota ƙafafunsa kaɗai ake gani, yana cewa, "Sifana mai lamba sha uku na ce, Auta, ba sha biyu ba!" A jikin bango akwai allo mai ƙusoshi, kowane ƙarfe da wurinsa. Akwai rediyon da sai an mare shi yake magana. Akwai benci mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo.

Ban da ƙofar da ake shiga daga cikin gida, garejin yana da ƙofa biyu. Babba ta ƙarfe tana kallon titi. Ƙarama ta katako tana gefe, tana buɗewa kai tsaye cikin rumfar maƙwabcinsu, wani tela da yaran gidan suke kira Kawu Tela duk da ba su haɗa jini ba.

Auta ba ta taɓa ganin ƙaramar ƙofar nan a rufe da rana ba. Ta nan shayi yake wucewa, ta nan ake aron guduma da allura, ta nan Mama take leƙawa ta ce, "Ku mutanen nan, surutunku ya hana ni jin kaina." Kawu Tela ne ya ɗinka wa Auta rigar makarantarta ta farko, ya yi mata aljihu biyu a ɓoye don ta ce tana so.

Kwanaki suka shuɗe. Mama ta rasu. Bayan shekara biyu matar Kawu Tela ta bi ta. 'Ya'ya kowa ya kama gabansa, gidaje biyu suka rage da tsoho ɗaya-ɗaya. Idon Baba ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, mota ta daina fita. Amma kullum da ƙarfe takwas na safe sai ya buɗe babbar ƙofa ya tayar da ita, ta yi minti goma tana aiki, ya kashe. Idan aka tambaye shi sai ya ce, "Kada batir ya kwanta."

To, wata rana da tsakar rana Baba ya je duba ido, ya dawo ya tarar an ɗauke batir ɗin da akwatin sifanoninsa. Da Auta ta ji, ko takalmin ofis ba ta cire ba ta iso gidan.

"Baba, yau batir ne, gobe kai za a tarar. Ka zaɓi ɗaya. Ko ka tattara ka koma gidana, ko a sa wa gidan nan na'urorin tsaro."

Baba ya dubi bangon da Mama ta zaɓi fentinsa, ya ce, "Ni da gidan nan sai dai a fitar da ni a kwance. Sa duk abin da za ki sa."

Kashegari ta zo da mai haɗa na'urorin, wani mutum mai sanyin magana, da jakarsa da tsaninsa. Ya zagaya gidan, ya buɗe mata littafin kayansa. Ga kyamarar da ke gani har a waya. Ga ƙararrawar da ke tayar da unguwa. Ga injin da ke ɗaga ƙofar gareji da lambar sirri, ana iya buɗewa daga nesa. Auta tana nunawa da yatsa, "Wannan. Wannan ma. Sa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje."

Ya ce, "Akwai mai jin hayaƙi ma, tana da amfani a gareji."

"Ɓarawo nake gudu, malam. Ba girki ake yi a nan ba."

Ya ci gaba da dube-dubensa. Da ya zo ƙaramar ƙofa ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce, "Wannan ta tsufa. A canza ta da ta ƙarfe, a ba maƙwabci mukulli ɗaya. Kuma ina son lambar wayar wani na kusa, ban da taki. Ke kina nesa, idan wani abu ya faru kafin ki iso an daɗe."

Nan fa Auta ta ɗaga murya. "Lambata kaɗai za ka sa. Ƙofar kuma a toshe ta da bulo. Kayan nan ba fuka-fuki suka yi ba, ta wata ƙofa suka fita."

Wallahi, jama'a, akwai maganar da in ta fita ko da igiya ba a janyo ta. Kawu Tela yana tsaye a bakin ƙofar da kofin shayi biyu a hannu. Ya ji komai. Ya ajiye kofi ɗaya a kan benci, ya juya da nasa. Gaskiyar magana kuwa, ranar da aka yi satar ya je kasuwa sayen zare, kuma ta babbar ƙofa aka shiga. Amma wa ya tambaye shi?

Baba ya ce a hankali, "Auta, kawunki ne fa."

"Baba, zamani ya canza. Ni lafiyarka nake nema."

Kuma da gaske lafiyarsa take nema, kada ku zage ta. Tsoro ne ya cika mata ciki, tsoron a kira ta wata rana a ce ta zo. Sai dai tsoron ya haɗu da jin cewa ita ce mai ilimi, tsofaffi kuwa sai a tsara musu.

Magini ya zo ya jera bulo, ya shafe da siminti. Aka sayo sabon batir. Kyamarori suka hau bango, Auta tana zaune a ofis tana kallon gidan ubanta a tafin hannu, hankalinta ya kwanta.

Na Baba ne bai kwanta ba. Lambar sirrin guda shida ce, maɓallan ƙanana, idonsa kuma ga yadda yake. Sau uku a mako ɗaya yana kuskure, ƙararrawa ta ɓarke da ihu, mutanen layi su fito suna kallonsa, sannan waya ta yi ƙara.

A karo na ukun Auta ta ce, "Haba Baba! Lamba shida fa kawai! Sau nawa zan faɗa maka? Ina cikin aiki kana tayar min da hankali."

"Yi haƙuri, Auta. Ba zan ƙara ba."

Ta kashe wayar tana tsaki. Ba ta san me yake nufi da ba zai ƙara ba.

Washegari da safe tana tsakiyar taro, wajen takwas da rabi, wayarta ta fara rawa a kan tebur. Saƙo ne daga na'urar: ana ƙoƙarin fasa ƙofar gareji. Ta fita da sauri zuwa baranda, ta buɗe kyamarar waje.

Kawu Tela ne. Ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, ya ɗago tsohon dutsen gugarsa da hannu biyu yana dukan ƙofar ƙarfen, ƙararrawa tana ihu a kansa.

Kun san abin da ya fara zuwa zuciyarta? "Ban faɗa ba!" Har wani daɗi-daɗi ta ji na wadda maganarta ta fito. Ta danna wurin magana, ta ce da ƙarfi, "Kawu! Ina ganinka fa!"

Tsohon ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman inda muryar ta fito. Da ya gano kyamarar sai ya ɗaga kai, fuskarsa duk gumi.

"Auta! Buɗe, don Allah buɗe! Motar ta wuce lokacinta, tun ɗazu take aiki bai kashe ba. Na kira shi ba ya amsawa!"

Ta juya zuwa kyamarar ciki. Duk ƙofofi a rufe, garejin ya yi dishi-dishi, ga Baba a kujerar direba, kansa a kife a kan sitiyari, hannunsa ɗaya yana lilo.

Ta shiga wurin buɗe ƙofa. Lamba shida. Cikin gaggawa ta danna, aka ce kuskure. Ta sake, aka ce kuskure. Ita da ta zaɓi lambar da kanta! Ta jingina da bango, ta ja numfashi, tana cewa, "Ya Allah, ya Allah," ta danna a karo na uku.

Ƙofar ta fara ɗagawa a hankali. Ko rabi ba ta kai ba Kawu Tela ya kwanta ya kutsa ta ƙasa, mutumin da hawa matakala biyu yake ba shi wahala. Tana kallo ya kashe motar, ya rungumo Baba ta hammata yana ja yana tari, har wasu masu wucewa suka shigo suka kama masa. Ita kuwa tana can nesa, waya a hannu, babu abin da za ta iya sai kuka.

A asibiti aka sa wa Baba abin shaƙar iska. Likita ya ce da an ƙara 'yan mintoci, da wata maganar ake yi yanzu.

Sai da rana ta yi sanyi ya farfaɗo sosai. Auta ta shiga ɗakin ta tarar da Kawu Tela a kan kujera kusa da gadon, hannunsa na dama, wanda yake riƙe almakashi da shi, a naɗe da bandeji. Ta durƙusa a gabansa a kan simintin.

"Kawu, ka yafe mini. Na faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakina ba."

"Tashi, tashi, 'yar nan, za ki ɓata kayanki. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ya wuce."

Ta share ido, ta juya wurin mahaifinta. Tsoron ɗazu ya dawo mata da faɗa.

"Baba, shi ke nan, daga nan gidana za mu wuce. Kai da ka koya mana ba a tayar da mota a rufaffen wuri? Da ka bar batir ɗin ya mutu mana! Batir ne ya fi ranka?"

Baba ya zare abin shaƙar daga hancinsa. Muryarsa ta dushe.

"Na ji kunyar ƙararrawar ne, ban so in sake tayar miki da hankali. Na ce minti biyu kawai. Na jingina kai, maganin da na sha ya ɗauke ni." Ya yi tari. "Amma ba don batir ba ne, Auta. Batir sau ɗaya a mako ya ishe shi."

"To don me?"

Ya nuna Kawu Tela da haɓa. "Don wannan tsohon. Tun da matarsa ta rasu ba shi da mai tashinsa, ni ma ba ni da. Idan na tayar da mota, ya san na wayi gari. Idan na kashe, sai ya taka keken ɗinkinsa, in ji, in san shi ma ya wayi gari. Ba mu taɓa zama mun shirya ba, haka kawai abin ya zama. Da kika toshe ƙofa, abin da ya rage mana ke nan. Da ban tayar ba, da ya ɗauka na mutu."

Kawu Tela ya kawar da kai yana murza ido da hannun hagu. "Ku ji shi fa. Wai shi ne yake gadina."

"Ni ne mana. Bara da jiri ya kayar da kai a bayan keke, wa ya same ka?"

Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ba ta taɓa jin labarin faɗuwar nan ba. Mako uku tana kallon gidan nan a waya safe da yamma, ta san lokacin da kyanwa take wucewa ta kan katanga, amma wannan ba ta gani ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Baba ya kama hannunta. "Gidanki yana da kyau, Auta, jikokina ma ina son su. Amma idan na tafi, wa zai saurari kekensa?"

Auta ta kifa kai a gefen gadon, ta ce cikin kuka, "Ka zauna a gidanka, Baba. Ka zauna kusa da Kawu."

Darasi: Ku sa wa gidajen iyayenku kyamara da ƙararrawa, suna da amfani, kun dai ga da su aka buɗe ƙofa. Amma kafin ku zaɓa, ku tambayi mai zama a gidan abin da zai iya da abin da yake tsoro, kuma kada ku raba shi da maƙwabcin da ya san motsinsa. Na'ura tana nuna maka abin da ya faru, mutum ne yake rugowa da takalmi ƙafa ɗaya. Ku tura wannan ga 'yan'uwanku, kuma duk mai tsoho a gida ya ɗaga waya yau ya gaishe da maƙwabcinsa.