Sanduna Biyu na Kwarin Arnfinn

A can ƙasar Norway, shekara ɗari shida da 'yan kai da suka wuce, bayan babbar annobar da ta share garuruwa, an yi wani maharbi ana ce masa Arnfinn. Kirarinsa shi ne: Dogo mai shimfiɗa da ƙanƙara, na gaban kyarkeci, ba ka tambayar hanya! An ce barewar dutse kan tsaya masa har ya gama ɗana kibiya. Ni dai ban gani ba, haka na ji.

Ya yi hunturu guda kan duwatsu yana farauta. Da ya sauko kwarinsu, mutum goma sha ɗaya ya tarar a gidaje talatin. Limamin cocinsu ma ya mutu. Irin da ya rage musu buhun sha'ir ɗaya ne tak.

Mutanen can ba sa shuka da ka. Kowane gida yana da sanda mai tsage-tsage, tsaga ɗaya kwana ɗaya, kullum safiya a matsar da zaren da aka ɗaura mata gaba. Ranar waliyyinsu Hallvard ake zuba iri. In an riga ta sanyi ya ƙone tsiro, in an makara hunturu ya riski hatsi bai nuna ba. To, sanda biyu suka saura a kwarin. Ta wata tsohuwa, Steinvor, ta ce saura kwana uku. Ta Bergsvein maƙeri ta ce saura sha biyar.

"Ɗan nan, raba mana gardama," in ji Steinvor. "Ai kai ba ka ɓata."

"Goggo, ba ki taɓa tsallake kwana ba?"

"Na yi zazzaɓi, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo sai na kintata, na matsar."

"Kai fa, Kawu?"

Bergsvein ya sunkuyar da kai. "Kabari arba'in na haƙa. Ta yiwu wata safiyar na manta."

Kan Arnfinn ya ɗaure. Ya shiga daji neman shaida, dajin ya ƙara rikita shi: rafi ya narke kamar bazara ta yi nisa, itatuwa kuwa ko toho babu. An ce har wata farar barewa ya tambaya, ta dube shi, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta yi tafiyarta. Mutumin da ba ya tambayar hanya ya dawo gida a tsorace, don ya san in buhun nan ya lalace babu mai ganin baɗi.

Ya tara su ya ce, "Ban sani ba. Tunda ban sani ba, a raba buhun gida biyu."

Rabi aka shuka ranar Steinvor, rabi ranar Bergsvein, kowa yana gunaguni. Kwana ɗaya bayan shuka ta biyu aka wayi gari ruwan randa ya daskare. Tsiron fari ya yi baƙi ƙirin. Irin Bergsvein yana ƙarƙashin ƙasa, bai san an yi ba, kuma shi ya ciyar da su shekarar. Kowa ya ce sandar maƙeri ce mai gaskiya. Tsohuwa ta daina fita don kunya.

Da kaka sai ga sabon limami ya ƙetaro duwatsu da littafinsa na lissafin kwanaki. Ya duba sandunan, ya ce ta Steinvor daidai take, ko kwana ɗaya ba ta kuskure ba. Ta maƙeri ce ta yi baya da sha biyu, a jefa ta wuta.

 Steinvor ta fashe da kuka, ta ce, "Ashe da kun bi gaskiyata da duk mun mutu."

Arnfinn ya karɓe sandar maƙerin daga hannun limami. "Ranka ya daɗe, waccan ta san kwanaki, wannan ta ba mu abinci. Wacce za mu ƙona?"

Limami ya rufe littafinsa. Har ya tsufa a kwarin bai ba da amsa ba.

Masu ba da labarin sun ce har yau sandunan biyu suna rataye a ƙofar cocin Kwarin Arnfinn, kuma kowace gona sau biyu ake shuka ta, tsakani kwana sha biyu. In baƙo ya tambayi wacce ce ranar gaskiya, sai manomi ya amsa da kalmar maharbin, ya ce bai sani ba, ya ci gaba da zuba irinsa.