Amshin Da Habila Bai Iya Ba

Akwai wani malamin Faransanci a wata sakandare a Malumfashi, wajen 1980, sunansa Habila. Waƙoƙin Faransawa sun shiga jininsa. Kullum yana zaune da littafi yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu: sha biyu a kowane layi, a ja numfashi a tsakiya, ƙarshen layi ya amsa ɗan'uwansa. Ilimi ba laifi ba ne, amma na Habila ya hau masa kai.

Mahaifiyarsa Rahab, da ya ɗauko daga ƙauyensu Dayi, ita ma tana waƙa, amma a bakin dutsen niƙa. Akwai wadda ta yi masa tun yana goye. Takan rera layi ɗaya ta dakata, sai an ba ta amshi ta ci gaba.

"Auta, karɓa mini mana," in ji ta.

"Inna, don Allah, kin ɓata mini ƙirga. Wannan ai ba ma'auni, ba amsa-amo. Inda numfashi ya ƙare, nan layi ya ƙare."

Sai ta yi dariya. "To, Malam." A hankali ta daina roƙo.

Injin niƙa ya shigo unguwa, dutse ya koma bayan ɗaki. Ƙawayenta da suka san amshin duk suka rasu.

Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Rahab. Magana ta ɗauke, ko ruwa ba ta iya nema. Waƙar nan kaɗai ta rage a bakinta.

Tana kwance ta ɗaga murya: "Auta nawa, dawa ta nuna..." Ta tsaya, ta kafa masa ido.

Habila ya buɗe baki, babu komai a ciki. Matarsa Dorkas ma ba ta san amshin ba. Ya hau babur har Dayi yana bi gida gida. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kai fa aka yi wa waƙar. Mu za ka tambaya?"

Ya dawo ya tsara amshi nasa, ma'auni tsaf, amsa-amo tsaf. Rahab ta girgiza kai, ta sake jawo layinta.

Haka ta yi ta maimaitawa tana jira, shi kuma yana riƙe da hannunta yana hawaye, har ranar da ta yi shiru, ta cika.

Darasi: Ka koyi na nesa iya ƙarfinka, amma kada ka raina na bakin mahaifiyarka. Idan ta ce ka amsa mata, amsa tun tana da murya. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.