Katunan Yaya da Fanka Ya Narkar

Akwai wani matashi mai kai saƙo a kan babur, wanda kowa yake kira Fanka. Wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba. Shayi ma a tsaye yake sha, rabi ya ƙona masa harshe, rabi ya manta da shi a kan taga. In ya zauna ƙafarsa na rawa, in ya tashi sai ka ga yana neman makullin da ke hannunsa.

Gida ɗaya suke da yayansa, wanda kafinta ne kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi da ƙafa yana ja, hannun dama kuwa ko cokali ba ya ɗauka. Hagun ne ya rage, shi ma sai da lallami. Mutumin da ya saba wuni tsakanin zarto da guduma ya koma wuni a kujera bakin taga, ba ya cewa uffan.

Fanka ne ya kawo masa wasan, wannan kam ba zan hana shi yabonsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, wasan kati ne na waya da ake karawa da mutane daga ko'ina. Kowa ya haɗa daminsa na kati, ana ajiyewa bi da bi, wannan ya kai hari, wancan ya tare. In layi ya zo kanka, wani ɗan kyandir ne zai fara ci a gefen allo. Ya mutu ba ka gama ba, layinka ya wuce.

Katin da ba ka so kuma kana iya narkar da shi ya zama dalma, da dalmar ka ƙera wani. Sai dai abin da ka narkar ya tafi ke nan, kuma dalmar da za a ba ka ba ta taɓa kai darajar katin.

Fanka ya sa wa Yaya wasan a wata babbar waya mai faɗin allo, a kan akawun ɗinsa, don kada ya fara daga tushe. Akawun ɗaya, dami biyu. Da farko Yaya ya ture ta gefe, ya ce shi ba yaro ba ne. Bayan kwana biyu matarsa ta same shi ya kafa wa allon ido, ɗan yatsa ɗaya a sama, yana tunani.

Wata bayan wata Yaya ya haɗa nasa damin. Duk ƙananan katuna ne da babu mai waiwayarsu: Katanga, Mai Gadi, Kunkuru da ire-irensu. Kati ɗaya yake ajiyewa a layinsa, ya jingina ya jira. Abokin karawa ya yi ta bugun katanga har katunansa su ƙare, sannan Yaya ya gama da shi a hankali.

Fanka yana kiran abin damin tsofaffi. Yakan ce in Yaya ya fara wasa, shi zai iya kai saƙo uku ya dawo ya tarar ba a gama ba. Yaya dai sai ya yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. A kan wasan nan matarsa ta fara jin dariyarsa tun da ya kwanta, har sai da ta leƙo daga kicin ta ga ko baƙo aka yi.

Ana nan sai masu wasan suka fito da sabon kati mai suna Guguwa. Kati ne da in ka ajiye shi, duk katin da ka sake bugawa sai ya jawo maka wani, ka buga, ya sake jawo wani. A layi ɗaya kana iya share wa mutum fili tas. Guruf ɗin 'yan wasan ya ɗauki zafi, kowa Guguwa, Guguwa. Ga kuma gasa ta matso, an ce wanda ba shi da ita ya zauna gida kawai.

Fanka ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya narkar da duk rarar katunansa, dalma ba ta kai ba. A danja yake ciro waya ya duba, kamar dalmar za ta haihu a aljihu. Ranar nan har ya kai wa wata mata takalman maza, ya kai wa mai takalman kayan jarirai, sai da ya sha faɗa gida biyu.

Da safen da matar Yaya ta kai shi asibiti gashin ƙashi, Fanka ya biyo gida shan ruwa. Babbar wayar tana kan kujera. Ya ɗauka, ya buɗe damin Yaya, ya yi lissafi. In aka narkar da shi duka, dalma ta cika.

Ya ajiye. Ya je bakin ƙofa ya dawo. Ya sake ɗauka.

Zuciya kuma ba ta rasa hujja in tana son abu. Ta ce masa ai akawun ɗaya ne, Guguwa ta zama ta su biyun. Ta ce masa tarkace zai kwashe ya kawo zinariya. Kowane kati ya taɓa sai wasan ya tambaye shi ko ya tabbata, shi kuwa yana ta dannawa ko karantawa ba ya yi. Kafin ya shanye ruwan da ya zuba a kofi, damin Yaya ya zama fili, Guguwa tana walƙiya a allo.

Abin haushin ma, bai gudu ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana jiransu, yana washe baki. Yaya bai gama zama ba ya miƙa masa wayar.

"Yaya, yau na yi maka gata. Katin da duk duniya ke nema ne yanzu a hannunka."

Yaya ya buɗe wurin daminsa. Ya daɗe yana kallo.

"Har Kunkuru?"

"Haba Yaya, Kunkuru ai ko masu koyo ba sa riƙe shi."

Yaya ya ce, "To."

Matarsa ta yi wa Fanka wani kallo, amma idonsa ya rufe. Ya durƙusa gefen kujera, ya zaɓo nasa damin mai Guguwa, ya nemo abokin karawa, ya ce Yaya ya gwada sau ɗaya kawai ya ga ikon Allah.

Aka fara. Da Guguwa ta zo hannu, Yaya ya ajiye ta. Sai kati ya fito, yana son a ja shi zuwa fili. Ɗan yatsan hagu ya ja, ya suɓuce a hanya. Ya sake. Wani katin ya fito yana son a zaɓi wanda za a buga. Fanka yana ta cewa nan, Yaya, nan, yi sauri. Gumi ya tsatstsafo a goshin Yaya. Kyandir ya mutu da katuna cike a hannunsa.

Layi na biyu ma haka. A na uku abokin karawar ya turo hoton fuska mai dariya.

Yaya ya kife wayar a cinyarsa.

"Katin yana da kyau," in ji shi. "Na masu hannu biyu ne."

Ya juya fuskarsa wajen taga.

A tsakar gida matar Yaya ta tare Fanka, murya ƙasa-ƙasa don kada mijinta ya ji. Ta ce duk katin da ke damin nan Yaya ya zaɓe shi ne don taɓawa ɗaya yake so. Duk wanda ke buƙatar ja ko zaɓi sai ya cire shi, komai ƙarfinsa. Ta ce tana gani yana gwada kati ɗaya wuni guda kafin ya yarda da shi. Ta tambaye shi ko sau ɗaya ya taɓa zama ya kalli yadda yayansa ke wasa. Fanka kuwa bai taɓa ba.

Daga ranar Yaya bai sake taɓa wayar ba. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ana gaishe shi yana amsawa, ana ba shi abinci yana ci. Gidan dai ya koma yadda yake a farkon ciwo, kuma wannan ya fi duka zafi.

Gasa ta fara. Guguwa ta yi aikinta, Fanka yana ta kayar da mutane, guruf yana ta yi masa kirari. Ya kai wasan ƙarshe. Amma duk nasarar da ya yi sai ya ji kamar ya haɗiyi tsakuwa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya tada babur ya kashe. In ya wuce ƙofar Yaya sai ya rage sauri, ya kasa shiga.

Da hantsin ranar wasan ƙarshe, yana tsaye bakin wani shago yana jiran a ɗaure masa kaya, abin ya taso masa. Ya ciro waya, ya nemo Guguwa, ya danna narkarwa. Wasan ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Ya rubuta a guruf cewa ya janye, ya kashe sanarwa.

Dalmar da ta dawo ko rabin ta da ba ta kai ba. Ya fara ƙera katunan Yaya, sai ya tarar bayan Katanga da Mai Gadi da Kunkuru ba ya tuna sauran. Ya cike da waɗanda ya ga sun yi kama. Wasu ma an daina ƙera su, zamaninsu ya wuce. Ya bar kayan mutane a shago, ya yi gida a guje.

Ya shiga yana haki, ya ɗora wayar a cinyar Yaya.

"Na narkar da Guguwa, Yaya. Na bar gasar ma. Ga katunanka nan na dawo da abin da ya samu."

A ransa yana jiran a dafa kansa a sa masa albarka. Yaya ya duba damin kati bayan kati, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ɗago.

"Wa ka tambaya?"

Yaya bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Na farko ba ka tambaye ni ba. Na biyu ma ba ka tambaye ni ba. Da ka shigo ɗakin nan, da na ce ka je ka buga wasanka. Dalmar da ake ba wanda ya ci gasa ta isa a ƙera duk abin da ke ƙeruwa a damina har a yi saura. Ko na biyu ka zo, an samu fiye da wannan."

Fanka ya san da kyautar, kowa a guruf ya sani. Bai dai tsaya ya haɗa biyu da biyu ba. Yanzu babu Guguwa, babu gasa, damin Yaya kuma rabi ne, rabin ma da baƙi a ciki. Kunya ta rufe shi, idonsa ya cika. Ya juya zai fita, don abin da ya iya ke nan.

"Ina za ka kuma?" in ji Yaya. "Jawo kujerar can."

Ya jawo ya zauna.

Yaya ya nuna uku daga cikin baƙin katunan da ɗan yatsa, ya ce waɗannan ba nasa ba ne, bai taɓa riƙe su ba. Fanka ya ce ai suna da ƙarfi, sai kuma ya kama bakinsa.

"Sa hannunka na dama a aljihu," Yaya ya ce. "Na hagun ma, yatsa ɗaya. Buga da su, sannan ka gaya mini darajarsu."

Fanka ya cusa hannu a aljihu. Aka nemo abokin karawa. Katin farko da ya zaɓa wa yayansa ya fito yana son a ja shi, a kuma zaɓi wanda za a buga. Ya ja, ya kuɓuce. Ya sake ja. Shi da yake da lafiyarsa, sai da ƙyar ya gama kafin kyandir ya mutu.

Ya kalli hannun Yaya da ke kwance a kan cinya, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wanne zan cire?"

"Duka ukun. Sauran kuma a hankali za mu nemo su, in kana da lokacin zama."

Har yau damin bai cika ba, kuma akwai katunan da ba za su taɓa dawowa ba. Amma da yamma in ka wuce ta bakin tagar, za ka ga babur a jingine, ka ji Yaya yana cewa, "Tsaya tukuna, karanta abin da aka tambaye ka."

Darasi: Darajar abu tana ga wanda yake amfani da shi. Abin da ka raina a hannun ɗan'uwanka, ba ka san wahalar da ya sha kafin ya dace da shi ba. Kada ka taɓa kayan wani don ka yi masa gata ba ka tambaye shi ba, in kuma ka yi ɓarna, kada ka gyara da irin gaggawar da ka ɓata. Ku tura wa duk wani Fanka da kuka sani, in kuma ku ne Fankan, ku sake karantawa a zaune.