Jinkar Nomau

Ga wata nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

To, ku matso. Wani mutum ne aka yi, sunansa Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Ciwonsa ɗaya: in ya ce eh, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ce a'a ba.

Da rani ɗakin uwarsa, Iya Tabawa, ya rushe. Nomau ya gina mata sabon bango, sumul, saura rufi. Kun dai san yadda ake yi: a auna bakin bango da igiya, a ɗaura jinka a ƙasa daidai awon, sannan a kira gayya a ɗaga ta. Nomau ya ce shi ba ya awo.

Ya ce, "Babana da ido yake yi, ni ma da ido zan yi. Haka na gada."

Iya ta ce, "Ɗan nan, ai babanka..."

Ya ce, "Iya, bar wannan, aikin maza ne." Ta koma ga aikinta.

Yana ta ɗauri, yana ta ɗauri, sai Ƙadangare ya leƙo daga kan bango. Ya ce, "Malam Nomau, kullum nan nake zagayawa. Jinkar nan ta yi kaɗan. Ɗauko igiya."

Nomau ya ce, "Idona ya fi igiya."

Aka kira gayya, Iya ta dama fura. Maza suka ɗaga, suka ɗora. Rif! Jinka ta zurma cikin ɗaki. Nomau ya ce ai su ne ba su iya ɗorawa ba. Mutane suka shanye furarsu suka watse suna cewa, "Kai, wannan akwai taurin kai!"

Ya sake sabuwa. Yana ta ɗauri, yana ta ɗauri, sai Tsattsewa ta sauko. Ta ce, "Malam Nomau, daga sama nake hango ta. Wannan kuma ta yi yawa. Ɗauko igiya. Hadari na ta haɗuwa a gabas."

Nomau ya ce, "Idona ya fi igiya."

Aka kira gayya, Iya ta dama sauran geronta. Suka ɗaga, suka ɗora. Zuruf! Jinka ta haɗiye ɗaki har ƙasa, kamar an kife kaza da kwando, ko ƙofa ba a gani. Nomau ya ce ai bangon ne ya tsuke. Bango fa, jama'a! Mutane suka ce, "Wannan ya wuce taurin kai, kafiya ce. Ga kunnen ƙashi, ga gardamar tsiya."

Ya sake ta uku, da ido dai. Ya aika a kira gayya, ko kare bai leƙo ba. Kowa ya ce ya gaji da ɗaukar wa kangararre kaya. Yara ma suka raɗa masa suna, in ya wuce su ce, "Ga Na-ƙi nan!"

Ranar nan sai ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Iya Tabawa na tsugune a gindin bango, tabarma a ka, tana rawar ɗari. Maƙwabciyarsu Delu ta shigo ta kama hannunta. Ko kallon Nomau ba ta yi ba. Ta dai ce, "Taso, Iya, mu je wurina. Kamar wadda ba ta haifa ba."

Wayyo, maganar nan ta soke shi! Uwarsa a ɗakin wasu, shi yana raye da ƙarfinsa. Yana jin tarinta ta bayan danga. Ya zauna cikin taɓo, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Sai Akuyarsa da ke ɗaure a turke ta ce, "Maigida, ni ba shawara zan ba ka ba, na san ba ka sha. Igiyar nan ce ta jiƙe tana shaƙe ni. Kwance ni."

Ya kwance ta. Yana jan igiya sai ya ji ƙulli. Ya ja, wani ƙulli. Ya ja, wani kuma.

Akuya ta ce, "Ni dai tun da ka ɗaure ni da ita nake tambayar kaina, wane mara aikin yi ne ya ƙuƙƙulle ta haka?" Ta yi gaba abinta, ta hau cin jinkar da ta lalace.

Nomau ya ɗauki igiya, ya tafi ƙofar Delu, ya durƙusa. Ya ce, "Iya, ta wane ne wannan?"

Iya ta shafa ƙullin da yatsa. Ta ce, "Ta babanka ce, ta awo. Da sassafe yake yi, kana barci. Wannan na rumbu ne. Wannan kuwa na ɗakin da aka haife ka ne. Na so in faɗa maka, ka ce aikin maza ne."

Nomau ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya koma ya auna bango, ya yi nasa ƙullin kusa da na uban, ya gyara jinka. Sannan ya bi gari gida gida, hula a hannu, yana cewa, "Ni ne da laifi. Ba ku ba ne, ba bango ba ne." Kowace ƙofa sai da ya faɗa, kowace ƙofa sai da ya ji kamar ya nutse.

Suka zo, babu ko fura. Suka ɗaga, suka ɗora. Ɗaram! Ta zauna. Iya Tabawa ta shiga ɗakinta, amma da tarin nan ta shiga, kuma bai sake ta ba duk damina. Duk lokacin da ta yi tari, Nomau sai ya sunkuyar da kai.

Saboda haka in babba ya fara magana, ku bari ya kai ƙarshe. Mai kafiya ba shi kaɗai ruwa ke duka ba, har da wanda ya dogara da shi.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya tafi da ita, akuya kuma ta cinye saura.