Baƙuwar da Ta Zo Ɗiban Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. To, ku matso kusa da wutar, na bakin ƙofa ya saki asabari.

Wani gari ne a bakin gulbi. A garin akwai wata tsohuwa ana ce mata Hakama. Hakama ba ta da aibu sai guda ɗaya, surutu. In ka gaishe ta da safe, to ka yi sallama da aikin hantsi. Mata in sun hango ta a hanyar rijiya sai su sake hanya. Mijinta Nomau ya sha faɗa cewa tun ranar da aka kawo masa ita bai ƙara jin kukan tsuntsu ba. 'Ya'yansu sun yi aure sun watse, su biyu suka rage a gidan, sai wata baƙar kyanwa mai kwana a tokar murhu.

Shi Nomau ciwon sanyin ƙashi ya kwantar da shi. Yana da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, kullum Hakama takan zuba garwashi a ramin, gadon ya yi ɗumi. Ranar da wutar ta yi rauni sai jikinsa ya sandare, numfashinsa ya riƙa tsinkewa. Ita da shi duk sun sani, ran da wutar nan ta mutu, shi ma ya bi ta.

Ana nan, ana nan, sai aka yi wata shekara mai ɗari irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Dare ya yi tsawo. Rana ta zama malalaciya, sai hantsi take leƙowa, kafin la'asar ta koma. Leɓuna suka tsattsage, har in mutum ya yi dariya sai jini. Sai mutane suka daina dariya. Daga nan suka daina hira. Kowa ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. Gidan Hakama ne kaɗai ake jin motsi: ta gasa gyaɗa, ta shafe bakinta da na mijinta da man kaɗe, ta haƙa gurbin dara a tsakar ɗaki suna bugawa suna zargin juna da maguɗi.

To, kun san a ƙasar nan ba a hana wuta. Wanda tasa ta mutu yakan ɗauki kasko ya shiga maƙwabta a zuba masa garwashi. Kuma mai ɗiban wuta ba ya zama, don kada garwashin ya mutu a hannunsa.

Wata safiya kyanwa ta shigo gashinta a tsaye, ta ce, "Hakama, garin nan ba lafiya. Na zaga gida arba'in ina neman toka mai ɗumi, ban samu ba."

Hakama ta ce, "Itace ne ya ƙare musu?"

Kyanwa ta ce, "Ga itace jibge. Wata mata ce take fitowa daga gulbi da asuba, da kasko a hannu. Sai ta yi sallama ta ce ta zo ɗiban wuta. Su kuma don ƙyuyar fitowa sai su miƙo mata ta ƙasan ƙyaure, ko sannu babu. Da ta tsallake bakin ƙofa da garwashi mai rai, sai wutar gidan duk ta bi ta. A buga ƙyastu har hannu ya gaji, ba ya kamawa. Mutanen gidan kuwa suna nan kwance cikin gwado, ido buɗe, ba barci ba mutuwa. Na taka fuskar wata, ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Hakama ta ce, "To in an hana ta fa?"

"Barmo maƙeri ya hana ta. Yana can tsaye a bayan ƙyaurensa, hannunsa a kan sakata, ya ƙage kamar turmi. Gidanki kaɗai ya rage. Abu ɗaya na lura, ba ta yarda rana ta taɓa ta."

Hakama ta dubi Nomau, ta dubi ramin gado. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ba ta bari ya gani ba. Ta ce, "A ba ta, a mutu. A hana ta, a mutu. To Allah ya kai mu goben."

Da asuba, gari bai gama wayewa ba, sai aka ji sallama. Muryar siririya ce, kamar iska ta ratsa tsagar ƙofa.

"Salamu alaikum, masu gida. Na zo ɗiban wuta."

Hakama ta buɗe ƙyaure gaba ɗaya. Sai ga mace doguwa, lulluɓe da zane jiƙaƙƙe, ruwa na ɗiga. Hakama ta lura da abu guda: ita in ta yi magana tururi na fita daga bakinta, amma bakin baƙuwar ba ya fitar da komai.

Ta zuba mata garwashi a kasko, ta ce, "Ga shi, baiwar Allah. Amma ai ba a gaisa ba. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ɗari? Yaya mutanen gida? Da yara? Da manya? Ke 'yar wane gida ce? Kin yi mini kama da wata ƙanwar kakata da ta yi aure a ƙetare, mai haƙorin nan guda..."

Baƙuwa ta juya za ta fita, Hakama ta tare ƙofa da labarin ƙanwar kaka. Daga ƙanwar kaka ta shiga akuyar ƙanwar kaka. Daga akuya ta shiga wanda ya saci akuyar. Garwashi ya yi fari, ya zama toka. Sai ga rana ta taɓa kan danga. Baƙuwa ta dubi kaskonta, ta dubi Hakama, ta ce, "Gobe."

Kyanwa ta bi ta a baya, ta dawo ta ce, "Yau ta koma ruwa tana rawar ɗari. Ashe da ma garwashin haɗiye shi take yi. Kullum sai ta tsaya a bakin gulbi ta jefa shi baki, ta ɗan tsaya kamar mai jiran wani abu, sannan ta girgiza kai ta nutse."

Kashegari da asuba, sai sallama.

"Salamu alaikum, masu gida. Na zo ɗiban wuta. Yau ba gaisuwa."

Hakama ta ce, "Ba gaisuwa, na yarda." Ta zuba mata garwashi. Kafin ta juya sai ta cusa mata gasasshiyar gyaɗa cike da ɗaya hannun. "Amma baƙo ba ya fita gidan nan da abinci a hannu kamar ɓarawo. Ki ci a nan. Ai hannu ɗaya ba ya ɓare gyaɗa, ajiye kaskon."

Baƙuwa ta tsaya tana kallon gyaɗar da ke turiri a tafinta. Sai ta ajiye kasko. Yatsunta a sandare suke, ƙwaya ɗaya sai ta daɗe tana fama. Hakama kuwa ta zauna ta ci gaba da dara da Nomau, tana satar kallon kaskon ta wutsiyar ido.

Nomau ya ce, "Ke, na ga kin ɗauke mini ɗa guda."

"Ni? Kyanwa ce ta ture shi."

Kyanwa ta ce, "Kada a sa ni a ciki."

Baƙuwa ta daina ɓare gyaɗa, ta karkata kai tana kallonsu. Garwashi ya mutu. Rana ta taɓa kan danga. Baƙuwa ta miƙe, ta ce, "Gobe ba rana."

Wunin nan Hakama ba ta zauna ba. Itacensu ya ƙare, ta shiga maƙwabta ta ɗebo, amma itacen gidan da wuta ta mutu ko hayaƙi ba ya yi. Ta ƙona tsohuwar tabarma. Ta ƙona muciya. Ta ƙona kujerarta ta zama. Kafin asuba garwashi guda ɗaya ya rage a ƙarƙashin gado, ja kamar idon zakara.

Asuba ta yi, gari ya ƙi wayewa. Zakaru ba su yi cara ba. Wannan karon ba a yi sallama ba, ƙyaure ne kawai ya buɗe da kansa. Ruwan randa ya daskare har ya yi ƙara. Baƙuwa ta shigo, ta wuce Hakama, ta durƙusa, ta zura hannu a ƙarƙashin gado, ta ɗauko garwashin da yatsu biyu ta sa a kasko. Nan take haƙoran Nomau suka fara kaɗawa.

Hakama ta nemi labari a bakinta, a karo na farko a rayuwarta ta rasa. Gyaɗa ta ƙare. Rana ba ta zuwa. Tana tsaye a gefen gado tana kallon ran mijinta a cikin kasko, ana tafiya da shi taki ɗaya, taki biyu.

Sai hasken garwashin ya haska fuskar baƙuwar. Hakama ta ga bakinta. Leɓunan sun dare gida-gida, baƙi ƙirin, kamar ƙasan tafki da rani. Wallahi tsoron da take ji bai tafi ba, amma tausayi ya shigo ya zauna kusa da shi.

Ta ce, "Tsaya. Wutar taki ce, ban hana ki ba. Amma ba za ki fita gidana da baki haka ba, a ce Hakama na da man kaɗe ta yi rowa."

Ta ɗauko ɗan abin da ya rage, wanda take shafa wa Nomau a gwiwa. Ta lakato, ta kai hannu. Fatar baƙuwar ta fi gindin randa sanyi, har yatsan Hakama ya mutu. Ta daure ta shafa, sama da ƙasa.

Baƙuwa ta ce, a hankali, "Gida arba'in na shiga. Ba wanda ya dubi fuskata."

"To me kike yi da wutar mutane?"

"Ɗari nake ji. Na haɗiye wutar garin nan duka, ban ji ɗumi ba. Sai jiya, da nake kallonku, na ji wani abu kaɗan a nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Na ce lalle wutar gidan nan daban ce. Shi ya sa zan tafi da ita."

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake bakin ƙofa. Sai murya ta fito daga cikin gwado, tana karkarwa.

"Baiwar Allah."

Ta waiwayo.

Nomau ya ce, "In kin tafi da wutar, don girman Allah ki haɗa da matar nan. Ko a kabari na samu in ji shiru. Shekara arba'in da biyar tana ba ni labarin akuyar nan, har yau ba a kama ɓarawon ba."

Hakama ta riƙe ƙugu, hawaye na zuba, ta ce, "Ka ji shi! Yo wa ya saci akuyar in ba kawunka ba? Don kunyarka nake kewaye-kewaye!"

Baƙuwa ta dubi wannan, ta dubi wancan. Bakinta da ya sha mai ya motsa, bai tsage ba. Sai wani sauti ya fito, kamar an buɗe tsohon rumbu. Dariya ce. Ta yi ta, ta ƙara, ta dafa bango, har ta sarƙe da tari. Da tarin farko sai garwashi ya faɗo daga bakinta, ja wur. Ta sake tari, wani ya faɗo. Ta yi ta dariya tana tari, garwashi na zuba, tana ramewa, tana gajarta, har tsakar ɗaki ta cika da wuta arba'in. Da Hakama ta share ido ta duba, ba kowa a bakin ƙofa sai jiƙaƙƙen zane yana turiri, da kasko a gefensa.

Ta yunƙura za ta kwashe garwashi ta mayar ƙarƙashin gado, sai ta ji an riƙe ta. Ta duba. Ashe mutumin da ya ce a tafi da ita, tun ɗazu hannunsa na damƙe da bakin zanenta, ya riƙe gam har yatsunsa sun ƙage.

Ta ce, "Malam, ai sai ka sake ni, ko ka samu shirun."

Ya ce, "Ƙarasa mini labarin akuyar tukuna."

Da gadon ya yi ɗumi, Hakama ta ɗauki kaskon baƙuwar ta bi gari gida-gida tana mayar wa kowa wutarsa. Kuma duk inda ta shiga, wutar ba ta kamawa sai ta zauna ta yi surutu, har na kwance ya ƙifta ido ya ce, "Kai, Hakama, ki bar mu haka!" Da ya faɗa sai murhu ya kama. Barmo maƙeri sai da ta ba shi labarin akuya sau biyu kafin ya saki sakata.

Tun daga shekarar, in ɗari ya shigo, mutanen garin ba sa kulle kansu. Sukan taru a ɗaki ɗaya, a shafa man kaɗe, a gasa gyaɗa, a yi ta shiririta har rana ta ga dama ta fito. Wanda ya zo ɗiban wuta kuma sai an ce masa ya zauna. Abu ɗaya ne ba sa yi: ba sa ƙirga mutanen da ke zaune. Don wanda duk ya ƙirga yakan samu an ƙaru da mutum guda, can baya inda haske bai kai ba, yana ɓare gyaɗa a hankali, bakinsa ba ya tururi.

Kun ji. Itace yana ɗumama ɗaki, amma mutum sai mutum. In ɗari ya matsa, kada ku ja ƙyaure ku yi shiru.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓeran da kyanwar Hakama ta ƙi kamawa don tana jin daɗin toka. Na bakin ƙofa, kada ka waiwaya, miƙa gyaɗar baya kawai.