Kabewar da Ta Tsallaka Danga

Dalilin da ya sa kabewa ba ta zama inda aka shuka ta, sai ta ja ciki ta tafi gidan maƙwabta ta haihu, shi zan gaya muku yau. Ku matso inuwa. Kai sarkin ƙiriniya, ɗauke ƙafarka daga kan yaɗon nan tukuna, ai ba tabarma ba ce.

A zamanin da, kabewa a tsaye take ƙyam kamar kuɓewa. Kara gare ta mai ƙarfi, cikinsa a cike, 'ya'yanta ƙanana suna rataye a kugunta. Ga ta da yanga. Lalo da alayyafo in za su gaishe ta sai sun ɗaga kai.

To a wani ƙauye an yi wata mata, Tabawa, wadda Allah ya ba hannun shuka. Ɗan filin bayan ɗakinta bai taka kara ya karya ba, amma babu kayan miyar da za ka nema ka rasa. Ga yakuwa, ga rama, ga tattasai, ga ɗoɗɗoya tana ƙamshi a bakin randa, ga kabewa tsaye a kan tsohon juji. Tabawa ba ta ban-ruwa da rana tsaka, sai da sassafe ko bayan la'asar. Tokar murhunta ba ta zubarwa, ganye take barbaɗa wa saboda tsutsa. In iri ya fito cunkus a rami ɗaya, sai ta cire raunanan ta bar masu ƙarfi, tana cewa, "Ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar gari."

Maƙwabciyarta ita ce Marka. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'yarsu ɗaya, Hanne, wadda aka aurar can wani gari, da kuma 'yan awaki. Tsakanin gidajen nan ko kara ɗaya babu. Marka za ta share kashin awakinta ta kawo, Tabawa ta zuba a rami ta rufe sai ya huce, don ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Ita kuwa Marka in za ta ɗora miya, shiga lambun kawai take ta tsinko abin da take so. Ba a tambaya, ba a godiya. Haka suka tsufa tare.

Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wata rana da yamma Tabawa ta yi dashen tattasan da ta daɗe tana reno, ta shayar da su, ta kwanta da murna. Washegari jar akuyar Marka ta tsinke igiya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cinye tas. Tabawa ta fito ta ga kututture, idonta ya rufe. Ga mata suna dawowa daga rijiya da tuluna a kai, amma ba ta duba ba.

Ta ɗaga murya ta ce, "Marka! Abin ya isa haka! Ke ki yi kiwo a lambuna, akuyarki ma ta yi kiwo a lambuna?"

Matan suka tsaya suna kallo. Marka tana riƙe da guntuwar igiya, ta dubi Tabawa. Ta ja akuyarta ta shige ɗaki. A ranar Tabawa ta tasa mijinta Barau gaba sai ya kafa danga. Barau ya ce, "Tabawa, ki bari ki huce." Ta ce ita ba ta san wannan ba. Ya sari kara ya kafa danga mai tsawo, ya ɗaure ta tamau.

Ba a daɗe ba Tabawa ta huce, sai dai magana zarar bunu ce. Damina ta sauka, ciwo ya shiga awakin Marka ya kwashe su, har jar nan mai laifi. Ana cikin haka sai ga Hanne an kawo ta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, ta haihu a gaban uwarta. Tabawa takan leƙa ta tsakanin kara, ta ga Marka tana kaɗa busasshiyar kuka a ruwa, ba ganye ba ƙamshi, tana miƙa wa mai ciki. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

Ta cika ƙwarya da alayyafo da ɗoɗɗoya, ta ɗora a kan danga ta ce, "Marka, ga wannan a sa wa yarinya a miya."

Ba a jima ba ƙwaryar ta dawo yadda ta tafi. Muryar Marka ta biyo ta a hankali: "An gode. Amma na daina kiwo a lambun mutane."

Wayyo! Tabawa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Kuma ta san abin da ke tafe. In Hanne ta sauka, dangin mijinta za su cika gidan ranar suna, kuma a garin nan ba a sallamar baƙin suna sai da miyar taushe. Taushe kuwa ba kabewa, ai ruwa ne. In aka ba su miyar kuka, labarin zai riga su isa gida, Hanne ta koma ɗakinta ana nuna ta da baki, ana cewa ga 'yar gidan da ba a iya fita kunyar baƙi ba. Marka kuwa ta gwammace ta sha wannan kunya da ta karɓi ko ganye ɗaya daga hannun Tabawa.

Da la'asar Tabawa ta ɗauki tulu tana ban-ruwa. Da ta zo gindin kabewa sai ta zauna, ta yi tagumi, hawaye na zuba.

Kabewa ta ce, "Inna, yau ruwan naki da gishiri. Lafiya?" A zamanin nan shuka na magana da mai shayar da ita, ba abin mamaki ba ne.

Tabawa ta kwashe labari ta gaya mata, ta ce, "Bakina ne ya ja mini. In na ba ta ba ta karɓa, in na yi shiru a ci mutuncinta ina ji ina gani."

Kabewa ta dubi danga, iska na kaɗa ganyenta. Can ta ce, "Daga nan sama ina hango tsakar gidanta. Takin da na ci na girma, ita ta sharo shi da hannunta, ban manta ba. In hannunki ne ba ta so, ni sai in je da kaina."

"Ki je da wace ƙafar?"

"In kwanta in ja ciki. Amma ki sani, Inna, baya ɗaya gare ni. In na karya shi, ni da tsayuwa har abada, ni da jikokina."

Tabawa ta ce, "A'a, ban isa in roƙe ki wannan ba. Ke da ko lalo ba kya sunkuya wa?"

Kabewa ta ce, "Ai ba ki roƙa ba. Ni dai ga abin da za ki yi mini. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa, ki rufa mata ƙasa mai laima, in sa saiwa a wurin in sami ƙarfin gaba. Ruwa a gindi za ki zuba, kada ki jiƙa mini ganye, don yanzu kusa da ƙasa zan zauna. Kuma inda na sa kaina, kada kowa ya juyo da shi."

Tabawa ta ce ta yarda. Sai kabewa ta karkata, ta karkata, ta ƙara karkata, har aka ji ƙaras! Ɓargon cikin karanta ya tsiyaye, ta zube a ƙasa warwas. Lalo da alayyafo suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yi dariya.

Daga ranar ta fara tafiya. Kullum safiya Tabawa za ta tarar ta ƙara gaba, sai ta durƙusa ta rufa wa sabuwar gaɓa ƙasa, ta kori kaji, ta barbaɗa toka. Barau ya zo zai nannaɗe yaɗon ya mayar kan juji, Tabawa ta ce, "Malam, don Allah bar ta, ta san inda za ta." Ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin kabewa mai yawo ba. Da kabewa ta isa danga sai ta fitar da waɗansu 'yan siraran yatsu masu lanƙwasa, ta kama kara, ta hau, ta leƙa, ta sauka ɗaya gefen. A gefen Tabawa fure kawai take yi ya bushe ya faɗi. Sai da ta shiga tsakar gidan Marka sannan ta ɗaura 'ya'ya. Da yake yanzu ƙasa ce ke ɗauke mata nauyi, 'ya'yan suka yi ta girma har suka kai tulu, abin da ba a taɓa gani ba.

Ran nan da hantsi Tabawa na leƙe, sai ta ga Marka ta fito da wuƙa.

Marka ta tsaya a kan yaɗon ta ce da ƙarfi, yadda za a ji, "Kabewar wa ce wannan mai shiga gidan mutane ba sallama?"

Tabawa ta ce, "Ta fi ƙarfina, Marka. Tun da ta kwanta ba ta jin magana. Gidanki ne, in kin ga dama ki sare ta."

Marka ta kama yaɗon ta bi shi har jikin danga, ta sa ido ta tsakanin kara. Sai ta ga 'yan tarin ƙasa a jere, gaɓa bayan gaɓa, tun daga juji har gindin danga, kowanne da shatin yatsu a kansa. Ta daɗe tana kallo. Hanne daga bakin ƙofa, tana dafe da baya, ta ce, "Inna, baƙuwa ce fa. Ta sha hanya."

Marka ta miƙe. Ta soke wuƙar a jikin danga, ta je bayan ɗaki ta tsinto tsingaro, ta ɗaga kowace kabewa ta sa mata a ƙasa don kada laima ta ruɓar da ita. Amma ko kallon wajen Tabawa ba ta yi ba.

Hanne ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Ranar suna gida ya cika maƙil, ana ta guɗa. Ba wanda ya aiko wa Tabawa. Tana zaune a bayan ɗakinta tana tsinke busassun ganye, ƙamshin taushe na tsallako danga yana iske ta. Ta ce a ranta, asirin Marka ya rufu, alhamdu lillahi, ko da ba za ta sake yi mini magana ba. Ta faɗa dai, amma zuciyarta na ciwo.

Sai ta ji an ce, "Tabawa!"

Ta ɗaga kai. Marka ce, da ludayi a hannu, gumi na zuba, tana tsaye daidai inda nauyin kabewa ya kwantar da danga.

"Kin zauna nan kamar wata baƙuwa! Taso ki ɗanɗana mini gishirin nan, kin san hannuna bai taɓa daidai ba."

Tabawa ta miƙe, ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta ɗaga zane ta tsallaka. Ta karɓi ludayin ta kai baki, hawaye na gangarowa. Marka ta ce, "Yaya?" Tabawa ta ce, "Ya ji." Marka ta ce, "To kukan na mene ne?" Tabawa ta ce hayaƙi ne. Marka ta share nata idon da gefen mayafi ta ce lalle itacen nan ɗanye ne.

Bayan an watse, su biyun suka samo sanda mai ƙarfi, suka zo za su tayar da kabewa su ɗaure ta. Suka ɗaga, ta sulale. Suka sake ɗagawa, ta sake sulalewa. Marka ta durƙusa ta ce, "Yanzu saboda ni kika zama haka?" Kabewa ta ce, "Ku bar ni, Inna, na riga na saba. Ku dai ajiye irina a cikin toka, baɗi ku shuka ni a bakin danga."

Shi ya sa har yau kabewa ke jan ciki, in kun karya karanta ku ga cikinsa rami ne fayau, kuma duk inda ta ga danga sai ta hau ta leƙa gidan maƙwabta. Saboda haka in kun wayi gari kun ga ta wani ta sauko tsakar gidanku, kada wanda ya ɗauko wuƙa. Ku sa mata tsingaro, sannan ku zaga ku gaida mai ita, wataƙila akwai maganar da ta daɗe tana so ta faɗa muku ta kasa.